Dokoki 613, amma wacce ke gaba? Zare kan yadda Yahudawa ke auna nauyin ibada

1/
Zaren yana da ɗan tsawo, ku gyara zama.

In aka ce Bayahude mai addini, hoton da ke faɗo wa yawancinmu shi ne mutum da baƙar kwat da baƙar malfa. To a ma'aunin addinin nasu, kwat ɗin nan da malfar ba sa cikin dokokin Attaura. Al'ada ce da wasunsu suka taho da ita daga gabashin Turai.

2/
Tambayar da nake so mu duba: a addinin Yahudu, wace ibada ce ta fi wace nauyi?

Ra'ayina tun daga farko shi ne, ba a gane nauyin doka a wurinsu sai ranar da ta yi karo da wata dokar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In kuwa an yi karon, kusan kullum ran mutum da mutuncinsa ne ke wucewa gaba.

3/
Kafin wani ya taso min: ba wa'azi nake yi ba, kuma ban zo wanke gwamnatin Isra'ila ba. A 1948 aka kafa ƙasar, muhawarar da zan kawo kuwa ta kai shekara dubu biyu ana yin ta. Za mu taɓo siyasar can ƙasa. Yanzu dai karatu tukuna.

4/
Lissafin da ya shahara a wurinsu shi ne dokoki 613, kowacce ana ce mata mitzva. Guda 248 umarni ne na "aikata", 365 kuma hani ne. Talmud, wato babban kundin muhawarar malamansu, ya jingina wannan lissafi ga wani malami na ƙarni na 3, Rabbi Simlai.

5/
Abin sha'awa, a wurin da aka kawo lissafin, nan take aka shiga taƙaita shi. Aka ce Annabi Dawuda ya tattara su cikin 11, Ishaya cikin 6, Mika cikin 3, har aka zo kan Habakuk da ya tsayar da su a kan abu guda, wato rayuwa bisa imani. Ka ga tun ranar da aka ƙirga su aka fara neman wacce ce uwa.

6/
Wanda ya fi shahara wajen jera dokokin ɗaya bayan ɗaya shi ne Musa bin Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides. A Kurɗuba ta Andalus aka haife shi, ya zauna a Fas, ya rasu a Masar a 1204. Littafin da ya jera su ciki da Larabci ya rubuta shi, amma da haruffan Ibrananci. Ku riƙe sunansa, zai dawo.

7/
Dokokin kansu hawa-hawa ne. Akwai wanda ya fito kai tsaye daga Attaura, akwai wanda malamai suka ƙara a matsayin shinge, sai kuma al'ada.

Misali: haɗa naman saniya da madara haramcin Attaura ne a wurinsu. Haɗa naman kaza da madara, malamai ne suka hana. 'Yar hular nan ta tsakar ka, kipa, asalinta al'ada ce.

8/
Bambancin yana da tasiri a aikace. In aka yi shakka a kan dokar Attaura, tsanantawa ake yi. In shakkar a kan dokar malamai ce, sai a sassauta. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin fiƙihu ya ji ana bambance farilla da sunna da mustahabbi, wannan tsarin ba zai zame masa baƙo ba.

9/
Akwai labarin da kusan kowane yaro Bayahude ya sani. Wani da ba Bayahude ba ya je wurin Shammai ya ce a koya masa Attaura gaba ɗaya yana tsaye da ƙafa ɗaya. Shammai ya kore shi da sandar awon magina. Ya wuce wurin Hillel. Hillel ya gaya masa kada ya yi wa wani abin da shi ba ya so a yi masa, saura duk sharhi ne, ya je ya karanta.

10/
Bayansu aka sake wata muhawarar. Rabbi Akiba ya ce babban tushe shi ne ayar son maƙwabci kamar kai. Ben Azzai ya ce akwai wadda ta fi ta, ayar da ke maganar zuriyar Adamu da darajar da aka halicci mutum da ita. Masu sharhi suka ce ta Ben Azzai ta fi faɗi, don ta haɗa kowa, har wanda ba naka ba. Wannan ma ku riƙe ta.

11/
To wannan duk magana ce a zaure. Ina ake gwada ta? A ranar Asabar.

Asabar ba ƙaramin abu ba ce a wurinsu. Tana cikin dokoki goma. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar an hana nau'in aiki 39: ba kunna wuta, ba girki, ba rubutu. A yau masu tsananin riƙo ba sa tuƙi, ba sa taɓa waya.

12/
Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Antiyokus na huɗu ya haramta wa Yahudawa addininsu. Wasu suka gudu cikin koguna a jeji. Sojoji suka far musu ranar Asabar, su kuma suka ƙi ɗaga ko dutse don kada su karya ranar. Littafin Makabiyawa na farko ya ce an kashe kusan mutum 1,000, har da mata da yara.

13/
Da labarin ya isa ga Matatiya, jagoran masu tawayen, shi da mutanensa suka yanke shawara: duk wanda ya kawo musu hari ranar Asabar, za su kare kansu. Lissafin a fili yake. In aka ci gaba a haka, nan da ɗan lokaci ba za a samu wanda ya rage da zai kiyaye Asabar ɗin ba.

14/
Daga baya malamai suka mayar da abin ƙa'ida, sunanta pikuach nefesh, ceton rai. In gini ya rufta ranar Asabar, tona ake yi, ko da ana shakkar akwai mutum a ciki, ko da ana shakkar yana raye. Hujjarsu ita ce an saukar da dokokin don a rayu da su, ba don a mutu a dalilinsu ba.

15/
Ba su tsaya a "ya halatta" ba fa. Sun ce manyan gari ne ya kamata su yi aikin da hannunsu, kada a tura yara. Talmud na Ƙudus ya ma fi zafi: wanda ya bar mai ciwo ya tafi neman fatawa, kamar mai zubar da jini ne, shi kuma malamin da aka je tambaya abin kunya ne gare shi, don bai koyar da mutanensa tun da wuri ba.

16/
Haka azumin Yom Kippur, rana mafi tsarki a shekararsu, kusan awa 25 ba ci ba sha. In mara lafiya ya ce yana buƙatar abinci, likita ya ce a'a, maganar mara lafiyar ake bi. In likita ya ce a ba shi, shi kuma ya ce zai iya jurewa, maganar likita ake bi. Duk ta inda ka biyo, ɓangaren rai ne ke rinjaye.

17/
Kaciya ta fi nuna hawa-hawan. Ana yi wa jariri a rana ta takwas, kuma in ranar ta faɗo Asabar, yi ake yi. Wato kaciyar ta ture Asabar. Amma in jaririn ba shi da lafiya, misali ciwon shawara ya kama shi, ɗagawa ake yi sai ya warke. Wato lafiyarsa ta ture kaciyar. Bin Maimun ya bayyana dalilin: ana iya yin kaciya daga baya, rai kuwa in ya fita ba a dawo da shi.

18/
A 1848 kwalara ta ɓarke a Vilna, babban birnin Lituweniya na yau. Rabbi Yisrael Salanter ya tara matasa suna jinyar mutane har ranar Asabar. Labarin da ya shahara kuma shi ne, a Yom Kippur na shekarar ya umarci jama'a su ci abinci don kada azumin ya raunana su cutar ta samu ƙofa.

19/
Ana kuma ba da labarin Rabbi Chaim Soloveitchik na Brisk, wanda aka zarga da sakaci don yana saurin ba marasa lafiya izinin karya azumi. Amsar da ake jingina masa ita ce shi ba sassauci yake yi a kan azumi ba, tsanantawa yake yi a kan ceton rai. Ni dai wannan amsar ta fi min wa'azin awa guda.

20/
Har yau abin yana aiki. A unguwannin Yahudawa masu tsananin riƙo a New York akwai ƙungiyar agaji ta Hatzalah, wadda aka kafa a Brooklyn a shekarun 1960. Mutumin da ba zai kunna fitilar ɗakinsa ranar Asabar ba, in aka kira shi zai amsa, ya tada motar asibiti, ya taka ta da gudu. A wurinsa ibadar ce yake yi.

21/
Talmud ma yana da suna ga wanda ya kasa gane wannan: chasid shoteh, wawan mai ibada. Misalin da aka bayar shi ne mutumin da ya ga mace tana nutsewa a ruwa, ya ƙi cetonta wai don bai dace ya kalle ta ba. An jera shi cikin masu ɓata duniya. Ba a ce masa mai tsoron Allah ba, wallahi wawa aka ce masa.

22/
Shin ran yana ture komai da komai? A'a. Malamai sun zauna a wani ɗakin bene a garin Lod suka ware abu uku da mutum zai yarda a kashe shi da ya aikata su: bautar gumaka, kisan kai, da haramtacciyar saduwa irin zina da matar aure ko kusantar muharrami.

23/
Ku lura da na biyun. In aka ce maka kashe wane ko a kashe ka, ba ka da izini. Dalilin da aka bayar shi ne ba ka da wata shaida cewa jininka ya fi nasa daraja. Kenan ko a inda aka hana ka ceton ranka, darajar ran wani ce ta hana.

24/
Mu sauko ƙasa da batun mutuwa. Talaka ne man fitilarsa bai wuce na fitila ɗaya ba, ga daren Asabar ya haɗu da bikin Hanuka. Ya kunna ta bikin ko ta cikin gida? Hukuncin: ta cikin gida, saboda zaman lafiyar iyali. Kada mutane su kwana suna tuntuɓe cikin duhu suna faɗa da juna da sunan ibada.

25/
Babban limamin Haikali an hana shi kusantar gawa, ko ta mahaifinsa ce. Amma in yana tafiya ya tarar da gawar wani a yashe, babu mai binne ta, wajibi ne ya tsaya ya binne da hannunsa. Mutuncin mamacin da ba a san ko ɗan waye ba ya ture tsarkin mutum mafi girman muƙami a addinin.

26/
Sai hakkin mutane. Mishna, tushen Talmud da aka tattara wajen shekara ta 200, ta ce Yom Kippur tana kankare laifin da ke tsakanin mutum da Allah. Wanda ke tsakaninsa da ɗan'uwansa kuwa ba ta kankare shi sai ya je ya nemi yafiya. Ka cinye wa mutum kuɗi, ka yi azumin awa 25 kana kuka, bashin yana nan.

27/
Ko sadaka ba ɗaya ba ce. Suna ce mata tzedaka, tushen kalmar ɗaya da sadakar da muka aro daga Larabci. Bin Maimun ya jera ta hawa takwas. Na ƙasa shi ne mai bayarwa yana ɓata rai. Na sama duka shi ne ka ba mutum jari, ko rance, ko ka shiga kasuwanci da shi, ko ka samo masa aiki, har ya daina buƙatar roƙo.

28/
Ya kuma ɗora fansar wanda aka kama a sahun gaba, sama da ciyar da talakawa da tufatar da su. Amma Mishna ta sa iyaka: kada a biya fiye da kima, don kada masu kamen su samu kasuwa. Rabbi Meir na Rothenburg an tsare shi a 1286, ya rasu a tsare a 1293, kuma abin da ake faɗa shi ne shi ya hana a biya. Zafin wannan muhawarar ba sai na yi muku bayani ba.

29/
Me ya sa suka damu da wannan jeri haka? Tarihi ne ya tilasta musu. A shekara ta 70 Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus. Kaso mai yawa na dokokin 613 a kan hadaya da hidimar Haikalin suke, rana ɗaya suka zama ba a iya aikata su. Rabbi Yisrael Meir Kagan, wanda ya rasu a 1933, ya lissafa umarni 77 da hani 194 da ake iya kiyayewa a wannan zamani.

30/
Ana ba da labarin Rabbi Yohanan ben Zakkai, wanda ya sake kafa karatu a Yavne bayan rushewar. Almajirinsa ya ga kufan Haikalin ya ce sun shiga uku, wurin neman gafara ya tafi. Malamin ya ce masa akwai abin da ke daidai da shi, wato aikin alheri ga mutane. Da a ce ba su san tushe daga reshe ba, da addinin ya rufta tare da ginin.

31/
Sun ma yi gardama kan karatu da aiki, wanne ya fi. Rabbi Tarfon ya ce aiki, Rabbi Akiba ya ce karatu. Aka tashi a kan cewa karatu ya fi, saboda shi ke kai mutum ga aiki. In ka duba da kyau, karatun ya ci gasar ne albarkacin aikin.

32/
Na san abin da wani zai ce yanzu: to tunda haka ne, a bar Asabar da dokar abinci mana, a riƙe kyawun hali kawai.

Akwai Yahudawan da suka bi wannan hanyar. A 1885 malaman ɓangaren Reform suka zauna a Pittsburgh ta Amurka, suka ce dokokin ɗabi'a ne suka hau kansu, na abinci da sutura da tsarkin limamai zamaninsu ya wuce.

33/
Binciken cibiyar Pew na 2020 ya tambayi Yahudawan Amurka abin da ke zama dole a zamansu na Yahudawa. Kashi 76 cikin ɗari suka ce tunawa da kisan kiyashin Holokos, kashi 72 suka ce rayuwa ta gaskiya da ɗa'a. Masu cewa bin shari'ar addinin kashi 15 ne kacal.

34/
A nan na rabu da wannan fahimtar. Jerin nauyi an yi shi ne don ranar karo. In ba karo, ba ka da uzurin ajiye ƙaramar doka. Rabbi Yehuda HaNasi, wanda ya tattara Mishna, ya yi gargaɗi a kula da mai sauƙi kamar yadda ake kula da mai nauyi, don ba wanda ya san ladan kowacce. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

35/
Malamansu sun lura da wani abu a Attaura. Biyayya ga iyaye, wadda suke ɗauka cikin mafi nauyi, ladan da aka ambata mata tsawon rai ne. Korar uwar tsuntsu kafin ka ɗebi ƙwanta, wadda suke ɗauka cikin mafi sauƙi, ita ma tsawon rai. Kuma ku tuna Hillel bai sallami mutumin nan da jimla ɗaya ba, karatu ya tura shi.

36/
Dalilina na kaina: karya Asabar don ceton rai yana da ma'ana ne ga wanda ke kiyaye Asabar sauran makonni. Direban Hatzalah ya ajiye abu mai tsada a wurinsa saboda wani abu da ya fi shi tsada. Wanda dama ba ya kiyaye komai, babu abin da ya ajiye, don haka ba za ka iya sanin abin da ya fi daraja a wurinsa ba.

37/
Amma kada zaren ya zama kirari. Akwai wurare masu duhu. Tsofaffin hukunce-hukunce sun taƙaita izinin karya Asabar ga ran Bayahude. Malaman baya ne suka buɗe shi, da yawa da hujjar guje wa gaba da sauran al'ummu. A yau likitoci masu riƙo da addini suna duba kowa ranar Asabar. Sakamakon ya yi, amma ni hujjar ba ta gamsar da ni ba. Ta Ben Azzai ce ta dace a tsaya a kai: mutum ne, shi kenan.

38/
Kuma ƙa'ida a littafi daban, aiki da ita daban. A lokacin korona a 2020, majami'u da yawa sun rufe tun watan Maris da hujjar ceton rai. Wasu manyan malamai kuwa da farko suka dage a bar makarantun addini a buɗe. A watan Afrilu sai da hukuma ta killace birnin Bnei Brak saboda yadda cutar ta yaɗu. Littafi ɗaya suke karantawa, awon ne ya bambanta.

39/
Siyasar da na yi alkawari. Sanin wannan ƙa'ida ba ya wanke kowa daga jinin da aka zubar a Gaza ko a ko'ina. Hasali ma wanda addininsa ya ce rai ke gaba, hujja ta fi hawa kansa. Akwai Yahudawan da ke faɗar haka da bakinsu. Ƙungiyar B'Tselem, da aka kafa a 1989 tana tattara bayanan take hakkin Falasɗinawa, daga ayar Attaura ta halittar mutum ta ɗauko sunanta.

40/
Abin da na ɗauka daga wannan duka: in kana son sanin zurfin addinin mutum, sutura ba za ta gaya maka ba, don ita ce mafi arha. Jira ranar da abu biyu da yake girmamawa suka haɗu a ƙofa ɗaya, ka ga wanda zai ba hanya. Ka kuma duba ko a ranakun da ba a matsa masa ba yana riƙe da ƙananan.

41/
Nan zan tsaya. Tambayar da zan bar muku: a ganinku wanne ya fi haɗari ga al'umma, wawan mai ibada da ya bar mace ta nutse, ko wanda ya watsar da komai yana cewa ai zuciya ce? Ni na fi tsoron na farkon, don shi yana ganin lada yake samu. Mai wani ra'ayin ya kawo hujja, ban da zagi don Allah.